GYAMBON CIKI DA MAGANIN ITATUWA: MAGANA GA MUTANEN BAGUDO DA NA BAKIN IYAKA

Duk wanda ya saba cin kasuwannin ƙasar Bagudo, ko Kaoje ko Illo ko Lolo ko Tsamiya, ya san ba a watsewa sai an ji mai magani ya ɗaga murya a lasifika yana kiran masu gyambon ciki, watau abin da yanzu ake ce wa olsa. Wannan ya ce nasa saiwa ce, wancan ya ce nasa sassaƙe ne da zuma, can gefe kuma ga mai faifan ƙwayoyi da kafso ja da rawaya, waɗansu kwalayen da rubutun Ingilishi, waɗansu da na Faransanci. Ba a kuwa rasa masu saye, gama ciwon ya yawaita cikin jama'a. Manomin shinkafa a fadama, da masunci a bakin Kwara, da matar aure a cikin gida, kowa ka taɓa sai ya dafa ƙahon zucinsa ya ce nan ne ke ci masa kamar wuta.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana yanzu abu biyu ne. Na farko, a watan Yuli na 2025 hukumar binciken ciwon daji ta duniya, wadda ke Liyon ta ƙasar Faransa, ta fid da lissafi cewa cikin yaran da aka haifa a duniya daga 2008 zuwa 2017, kimanin miliyan 15.6 za su kamu da sankarar tumbi a tsawon rayuwarsu in ba a sake hali ba, kuma kashi 76 cikin 100 na wannan adadi wata ƙwayar cuta guda ce sanadinsa. Lissafin ya nuna ƙasashenmu na Afirka kudu da Sahara, inda wannan sankara ba ta da yawa a dā, suna iya ganin ta ninka har sau shida bisa abin da aka ƙiyasta a 2022, saboda ƙaruwar jama'a da yawan masu kai wa tsufa. Na biyu, labari yana ta fitowa daga ɗakunan bincike na duniya cewa an sami dabarun ɗaukar sinadarin itatuwa a kai shi har inda ƙwayar cutar ke ɓoye a cikin tumbi. Irin wannan labari kafin ya iso kasuwarmu ya sake kama, har ka ji ana cewa ai likitocin Turai ma sun koma ga saiwa. To, ya kamata mu warware shi dalla-dalla, a san abin da ya tabbata da wanda har yanzu gwaji ne.

ƘWAYAR CUTAR DA INDA TAKE ZAMA

A dā likitocin duniya duka sun ɗauka ba wani abu mai rai da zai iya zama a cikin tumbin mutum, saboda ruwan tsamin nan mai ƙuna da ke narka nama, wanda suke kira asid. Suka ce damuwa da yawan tsami su ke kawo gyambo, mu kuma a nan muka ce yunwa ce da barkono. Sai wani likita a birnin Perth ta ƙasar Ostareliya, mai suna Robin Warren, ya riƙa ganin waɗansu ƙwayoyin cuta masu murɗaɗɗen jiki a madubin likita cikin tsokar tumbin majinyata tun 1979. Shi da wani saurayin likita, Barry Marshall, suka yi nasarar renon ƙwayar a faranti a 1982. Da sauran likitoci suka ƙi yarda, sai Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ya rene ta a ciki a 1984, ba a yi kwana da yawa ba ya kama amai, aka duba tumbinsa aka tarar ya kumbura. A 2005 aka ba su kyautar Nobel su biyu. Ƙwayar cutar ita ce ake kira Helikobakta failori, kuma tun 1994 aka sa ta cikin jerin abubuwan da aka tabbata suna jawo sankara.

Yawanta a ƙasarmu abin mamaki ne. Wani bincike da aka yi a ƙasar Barno aka buga a 1992 ya sami alamarta a jinin fiye da mutum 80 cikin 100, yawancinsu kuwa tun suna yara suka ɗauka. Wani babban lissafi na ƙasashen duniya da ya fito a 2017 ya sa Nijeriya kan gaba, da kashi 87.7 cikin 100. Amma kada hankali ya tashi, gama yawancin masu ɗauke da ita har su tsufa ba ta yi musu kome. Kimanin mutum ɗaya ko biyu cikin goma ne ke samun gyambo, ɗaya zuwa uku cikin ɗari kuma ke kai wa ga sankara. Yunwa da azumi da barkono suna iya tada ciwon ga wanda ya riga ya sami gyambon, amma ba su ne tushensa ba.

Yaya aka yi ta iya zama a cikin tsami? Bangon tumbi yana da rufi na majina mai yauƙi, wadda ba ta kai kaurin farce ba, ita ce ke hana tumbi narka kansa. Ƙwayar cutar tana da wutsiyoyi, sai ta murɗa jikinta ta nutse cikin majinar nan har ƙasa, kusa da tsoka, inda tsami ba shi da ƙarfi. Har wa yau tana fid da wani sinadari da ke kashe tsamin da ya kewaye ta, kamar yadda mata ke sa kanwa a yakuwa. Mutanen bakin kogi sun san halin gaiwa, wadda in ruwa ya janye takan shige laka ta naɗe kanta da yauƙin jikinta ta zauna lafiya har damina. Zaman wannan ƙwayar cuta a tumbi ke nan.

DON ME TAKE DA WUYAR KISA?

Tumbi zango ne, ba mazauni ba. Ruwan da mutum ya sha da wofin ciki yawancinsa yakan wuce hanji kafin sa'a guda ta cika, abinci kuma sa'a biyu zuwa huɗu. Saboda haka jiƙon da aka sha da safe, kome ɗacinsa, yakan bi ta saman majina ne ya wuce, ƙwayar cutar kuwa tana can ƙasa. Abin da ya ɗan tsaya ma tsami yana iya lalata shi, majinar kanta kuma kullum tana saɓulewa ana sake sabuwa. Masunta na dā sun san in aka zuba magimfa a ɗan tafki sai kifi ya taso, amma wanda ya zuba ta a tsakiyar Kwara ya yi hasarar magimfarsa. Farantin ɗakin bincike tafki ne, tumbin mutum kuwa kogi ne mai gudu.

Wannan matsala ba ta bar maganin asibiti ba. Shi ya sa likita ba ya ba da magani ɗaya. Yakan haɗa mai rage tsami, kamar omefirazol, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu, wani lokaci a ƙara da na huɗu mai suna bismut, a sha safe da yamma, waɗansu ma sau uku ko huɗu a yini, har kwana 14 ba fashi. Rage tsamin nan yana kare sauran magungunan daga lalacewa, yana kuma sa ƙwayar cutar ta saki jiki ta shiga hayayyafa, a lokacin ne magani ya fi kama ta. Likitoci suna ganin haɗin da bai warkar da mutum 90 cikin 100 ba bai cika ba.

To, ga shi ƙwayar cutar ta fara sabawa da magungunan. Wani bincike da aka buga a 2017 a kan waɗanda aka ciro daga majinyata a asibitocin Nijeriya ya nuna 99 cikin 100 ba sa jin metronidazol, watau Flagyl da kowa ya sani, kashi ɗaya cikin uku kuma ba sa jin amoksisilin. A 2024 ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ta ba da shawarar a daina fara magani da kilaritoromaisin sai an gwada an tabbata ƙwayar tana jin sa. A shekarar kuma masanan Afirka, da jagorancin Farfesa Stella Smith ta cibiyar binciken lafiya da ke Yaba a Ikko, suka fid da matsayarsu ta farko bisa yadda ya kamata a gano cutar a yi maganinta a wannan nahiya. Wannan ƙuncin ne ya sa masu ilmi suka waiwayi itatuwa.

ABIN DA GWAJI YA NUNA

Ba mu raina abin da kakanni suka bari ba. Sabara da bagaruwa da marke da hano da maɗaci an daɗe ana shan su domin ciki, kuma itatuwa da yawa in aka ɗiga ruwansu a kan ƙwayar cuta a faranti sai a ga ta daina yaɗuwa. Amma sai an gwada akan san na ƙwarai, gwajin kuwa a jikin mutum ne.

Tafarnuwa tana kashe wannan ƙwaya a faranti. Da aka ba masu ɗauke da ita ɗanyar tafarnuwa mai yawa cikin abinci a birnin Houston ta Amurka, aka buga sakamakon a 1999, ba a ga ta rage kome ba. Gangamau, wanda waɗansu ke kira kurkum, yana da sinadari rawaya mai ƙarfi a faranti, amma ba ya narkewa a ruwa. A Italiya an ba mutum 25 haɗin da ke da shi na kwana bakwai, aka buga a 2007 cewa ciwon ya lafa wa da yawa, amma mutum uku kaɗai ƙwayar cutar ta rabu da su. A Jafan an ba mutane tsiron wani ganye dangin kabeji kullum har mako takwas, aka buga a 2009 cewa ƙwayar ta ragu, amma wata biyu bayan sun daina ci ta koma yadda take.

Habbatus sauda ita ce ta fi nuna alama. A ƙasar Saudiyya an gwada ta a kan majinyata 88, aka buga a 2010. Waɗanda aka ba giram biyu a yini tare da omefirazol, kimanin 67 cikin 100 suka rabu da ƙwayar, waɗanda suka sha haɗin asibiti kuwa kimanin 83. Abin lura shi ne waɗanda aka ba giram uku ba su kai na giram biyu ba, sun tsaya wajen 48, daidai da na giram ɗaya. Wannan ya nuna gwajin ƙarami ne, yana bukatar a maimaita, ya kuma nuna yawan sha ba shi ne yawan amfani ba.

Darasin da ke cikin waɗannan duka guda ne. Lafawar ciwo dabam, mutuwar ƙwayar cuta dabam. Mai shan kanwa yakan ji sanyi nan take domin ta kashe tsami, amma gyambon yana nan, yawan shanta kuma yana iya tada hawan jini ya wahal da ƙoda. Sinadarin itace yana da ƙarfi, abin da ya rasa shi ne abin hawa da zai kai shi wurin, ya tsare shi daga tsami, ya kuma zaunar da shi har ya gama aiki.

DABARUN ISAR DA MAGANI

Masu ilmin haɗa magunguna sun fito da dabaru iri-iri, za mu ambaci huɗu.

Ta farko ita ce ƙwayar magani mai yawo a kan ruwa. Ana cuɗa maganin da wani danƙo mai kumbura da ɗan gishirin soda, ɗan'uwan kanwa. In ta haɗu da tsamin tumbi sai sodar ta yi kumfa, danƙon ya riƙe kumfar, ƙwayar ta taso sama kamar masuncin Argungu a kan gorarsa. Da yake ƙofar fita tana ƙasa, sai ta yi sa'o'i tana sakin maganin kaɗan-kaɗan. Rauninta shi ne sai tumbi yana da abin da za ta yi yawo a kai, kuma tana saman ruwa ne, ƙwayar cutar tana jikin bango.

Ta biyu ita ce mai mannewa. Ana yin ƙananan ƙwayoyi kamar tsabar gero ko ƙasa da haka, a shafe su da abin da ke kama majina. Wanda aka fi amfani da shi sunansa kitosan, daga ɓawon ƙaguwa da jatan lande ake samunsa. Wannan takan liƙe a bangon tumbi ta saki magani a ƙofar gidan ƙwayar cutar. Rauninta shi ne in majinar sama ta saɓule sai ta tafi da ita.

Ta uku ita ce naɗe maganin cikin ɗigon mai ko danƙo ƙanana ƙwarai, waɗanda sai an jera ɗaruruwa kafin su kai kaurin silin gashi. Naɗin yana kare sinadarin daga tsami, yana sa wanda ba ya narkewa kamar na gangamau ya bazu cikin ruwa, ƙanƙantarsu kuma tana ba su damar ratsa majina. A jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego an naɗe wani sinadari da ake samu a man tsirrai, kamar man waken suya, aka ba ɓeraye masu cutar, aka buga a 2014 cewa ya rage ƙwayar fiye da haɗin asibiti.

Ta huɗu ta fi ban mamaki. A jami'ar nan kuma, a 2017, aka ƙera ƙananan dunƙulen ƙarfen maganiziyam aka ɗora musu magani aka shafe su da kitosan. Da suka shiga tsami sai ƙarfen ya riƙa fid da kumfa tana tura su kamar kwalekwale mai inji, suka nufi bango suka manne, suka kuma rage tsamin da kansu. Amma a sani maganin da aka ɗora musu na asibiti ne, kuma ɓeraye aka ba na kwana biyar.

Ƙwayoyi masu yawo da masu kumbura sun riga sun shiga kasuwannin duniya domin waɗansu cututtuka, kamar ciwon sukari da ciwon karkarwa, saboda haka dabarar ba tatsuniya ba ce. Amma game da sinadarin itace da wannan ƙwayar cuta ta tumbi, aikin yana tsakanin faranti da ɓera, kuma ƙa'idojin likitoci na 2024 da muka ambata ba su sa ko ɗaya daga cikinsu a jerin magungunan da za a ba majinyaci ba. Tsakanin ɓera da mutum akwai shekaru na gwaji, magunguna da yawa kuwa a nan suke faɗuwa. Duk mai tallar da ya ce maka kwalbarsa tana da wannan sabuwar dabara, ka riƙe kuɗinka.

RABON ƘASARMU A CIKIN AIKIN

Akwai abin da ya kamata ya faranta mana rai. Dukan dabarun nan danƙo da yauƙi suke bukata, ƙasarmu kuwa tana da su. Ƙaro an daɗe ana ɗaure ƙwayoyin magani da shi a duniya, Nijeriya kuma tana cikin manyan masu fitar da shi tare da Sudan da Cadi. Dargaza, wadda mata ke sa wa miya magina kuma ke cuɗawa da ƙasa, masana daga jami'ar Jos tare da abokan aikinsu na Ingila sun gwada yauƙinta suka ga yana manne wa majina yana kuma jinkirta sakin magani. A jami'ar Ibadan an yi irin wannan gwaji da ƙaron maɗaci. Kuɓewa ma masana a Munsta ta ƙasar Jamus sun buga a 2004 cewa ruwan ɗanyarta yana hana ƙwayar cutar mannewa a tsokar tumbi da aka yanka aka sa a gilas, ko da yake ba ya kashe ta. Kada wani ya ji haka ya ce miyar kuɓewa ta ishe shi magani. Abin da muke nufi shi ne mai yiwuwa ne abin hawan ya fito daga dajinmu kamar yadda mahayin zai fito.

Tarihi ya nuna itace yana zama magani na sosai in an bi shi da awo. Maganin zazzaɓin sauro da ake sha yau ya fito daga wani ɗan'uwan tazargade na ƙasar Sin. Malama Tu Youyou ta gane tafasawa tana lalata sinadarin, ta sake hanyar tatsarsa ba da zafi ba, aka ware shi a 1972, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. A nan gida cibiyar binciken magunguna ta tarayya da ke Idu a Abuja ta haɗa Niprisan domin masu amosanin jini daga tsirrai huɗu, har da kanumfari da karan dafi. An fara sayar da shi a 2006 da sunan Nicosan, sa'an nan kamfanin da ya ɗauki yin sa ya durƙushe bayan 'yan shekaru, maganin ya yanke wa majinyata. Gano magani rabin aiki ne, sai an sami mai yin sa kullum da kyau, da araha.

HANYA TA BIYU

Duk abin da muka faɗa ya shafi hanyar magani daga baki zuwa bangon tumbi. Amma magani yana da wata hanya kafin wannan, watau daga masana'anta zuwa hannun majinyaci, kuma a nan ne zaman Bagudo a bakin iyaka ya shigo cikin magana. Illo tsohon mashigi ne na fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro, tun kafin Ingila da Faransa su raba ƙasar Bargu a yarjejeniyarsu ta 1898. Dandawa da Kyangawa da Filani da Hausawa suna da dangi a gefe biyu, ana cin kasuwar Malanbil da ta Sagbana kamar yadda ake cin ta Lolo da Tsamiya. Ko da gwamnati ta rufe iyakokin tudu a watan Agusta na 2019, ba a kuma fara buɗe su ba sai Disamba na 2020, zumunci bai yanke ba. Magani kuwa kaya ne marar nauyi, aljihu ma ya ishe shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa magani ɗaya cikin goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko marar inganci. Jamhuriyar Benin, wadda dattawa suka sani da Dahome, ta san wannan annoba. A Kwatano ne tsohon shugaban Faransa Jacques Chirac da shugabannin Afirka suka yi kira a yaƙi jabun magani a watan Oktoba na 2009. A watan Fabrairu na 2017 'yan sanda suka rushe babbar kasuwar magani ta Adjegounle a birnin suka kwashe tan-tan na kaya, a 2018 kuma kotu ta ɗaure shugabannin waɗansu manyan kamfanonin rarraba magani. A gefenmu hukumar NAFDAC tana wannan yaƙi tun kafa ta a 1993. Amma Kwatano da Abuja duka suna da nisa da bakin Kwara.

Ko maganin na gaske ne, yadda ake sayar da shi yana ɓata shi. Yawancin kwalaye an rubuta a ajiye su inda zafi bai wuce awo 30 ba, zafin bazara a ƙasar Kebbi kuwa yana haura 40, ga faifan mai talla a rana tun hantsi. Sa'an nan ga sayen tsinta-tsinta. Mutum ya sayi kafso biyu na amoksisilin yau, gobe ya ji sauƙi ya bari, duk gudawar da ta taso kuma a jefa mata Flagyl. Da haka muke koya wa ƙwayar cutar sabo da magani da hannunmu. Mafi muni shi ne haɗin ciwon jiki da manomi ke saye in ya dawo gona, mai asfirin ko ibufurofen ko dikulofenak, gama waɗannan su ne sanadi na biyu na gyambon ciki a duniya, suna kuma iya sa gyambo ya yi jini ko ya huje.

A lura kuma, sababbin dabarun nan sun fi tsofaffin ƙwayoyi laushi. Mai soda in ta sha raɓar damina ta gama kumfarta a kwali, ɗigon mai kuma zafi yana iya wargaza shi. Ranar da suka fito kasuwa, in hanyar farko tana nan yadda take, ba za su iso Bagudo da ƙarfinsu ba, masu jabu kuma ba za su daɗe ba su kwaikwayi kwalin.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Mai ciwon ciki da ya daɗe, ya je asibiti ya nemi a gwada shi. Gwajin bayan gida da na numfashi su ne ke nuna ƙwayar tana nan da rai, na jini kuwa yana iya nuna tsohuwar alama ko da ta mutu. Ya faɗa wa likita duk abin da yake sha, har da jiƙo, gama mai rage tsami da maganin kashe ƙwayoyi suna ɓoye ta daga gwaji. In an rubuta masa kwana 14, ya sayi na kwana 14 a kemis mai rajista ya shanye, sa'an nan ya koma bayan wata guda a tabbata ta mutu. Wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko ya yi aman jini, ko yana ramewa ba dalili, ko abinci yana tsaya masa, ko ciki ya murɗa masa farat ɗaya ya ƙage kamar katako, wannan ba na kasuwa ba ne, a kai shi asibiti a ranar.

Masu maganin gargajiya na kirki, waɗanda suka gaji sana'ar, su ne suka san wane itace, wane sashe, wane lokaci ake ɗiba. Muna roƙonsu su tura mai alamomin nan asibiti, su kuma yarda a auna abin da ke hannunsu, da sharaɗin a rubuta sunansu da haƙƙinsu. Jama'a kuma su sani lambar NAFDAC a kan maganin gargajiya yawanci shaida ce cewa an gwada ba a ga guba ba, ba shaida ce ta yana warkarwa ba, kuma akan rubuta hakan a jikin kwalbar.

Jami'o'inmu na kusa, ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da ta Ahmadu Bello a Zariya da na Aliero da Birnin Kebbi, aikin da ke gabansu a fili yake. Rubuta cewa sabara ta kashe ƙwayar cuta a faranti ya isa haka. A ware sinadarin, a san nauyinsa, a ɗora shi a kan dargaza ko ƙaro, a gwada ko zai jure zafin Afrilu, sa'an nan a bi matakan gwaji har zuwa mutum. Kafin wannan ma ana bukatar a san magungunan da ƙwayar cutar mutanen Kebbi ke ji da waɗanda ba ta ji, domin likitan Bagudo ya rubuta abin da zai yi aiki a Bagudo.

Hukumomin magani na Nijeriya da Benin su haɗa kai a kasuwannin iyaka, gama abin da aka kora daga wannan gefe wancan gefe yake komawa. Gwamnatin jiha da ƙaramar hukuma kuma su sa kayan gwajin bayan gida da cikakken haɗin magani a asibitocin yankin, da kuɗin da talaka zai iya, domin tsada ita ke tura mutum ga kafso biyu.

Daga ƙarshe, rigakafi ya fi magani. Ƙwayar nan a ƙuruciya ake ɗaukarta, a cikin gida, ta baki da ta ƙazantar bayan gida da gurɓataccen ruwa, likitoci kuma suna zargin tauna wa jariri abinci. Ƙasashen da suka sami ruwa mai tsabta da masai da yalwar ɗaki sun ga ta ragu a cikin 'ya'yansu tun ba a san sunanta ba. Rijiyar burtsatse a ƙauyen bakin Kwara da wanke hannu da sabulu za su tsare yaran da aka haifa bana, tun kafin masu bincike su gama da ɓerayensu. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sa shugabanni su ji.